Atamfar da Aka Gani a Japoma

Talata, 8 ga Yuli, bayan la'asar

Ruwa tun asuba. Ya cika tsakar gida har ya tafi da takalmin Inno ƙafa ɗaya, tana ta faɗa kamar ni na aiko shi. Uwar miji dai uwar miji ce, ko ɗan nata ya mutu. Tun ranar da aka kai mijina Malam Halilu makwancinsa take taya ni zaman takaba, ɗaki ɗaya muke kwana, ko bayi na tashi shiga sai ta ɗaga kai.

Wata biyu ke nan ban taka ƙofar gida ba. Ba kwalli, ba turare, ba lalle. Duniyata ta koma cikin waya, kuma rabin wayar shafin nan ne na unguwarmu, Idon New Bell. Kowa ya ga abu ya ɗauka ya tura, masu shafin su saka ba tare da sunan wanda ya turo ba. Inda ruwa ya yanke hanya, unguwar da kuran, wato lantarki, zai ɗauke, yaron da ya ɓata, ɓarawon da aka kama a kasuwar Mboppi. Da Malam ya rasu mutane suka yi ta turo hotunansa a shago da addu'o'i, na karanta na yi kuka na sa musu albarka. Yau na janye albarkar.

Tasalla maƙwabciyarmu ce ta shigo aron muciya. Matar da ke tuƙa tuwon sayarwa, wai ba ta da muciya! Ta tsaya tana kallona ta ce, "Ashiya, sannu, maman Khaulat. Kin duba waya kuwa?" Ta fita, muciyar ma ba ta ɗauka ba.

Hoto ne. Mace a bayan mai bensikin, wato ɗan acaɓa, a ƙofar wani oberj, ƙaramin otal, can Japoma kusa da filin ƙwallo. An ɗauke ta ta baya, mayafi ya rufe kai, hannunta a kafaɗar mutumin. A ƙasa an rubuta: "Alhamis da ta wuce. Wa ya san wannan? A taimaka da bayani."

Fuskar ba ta fito ba. Atamfar ta fito.

Talata, bayan isha'i

Na jira Inno ta tayar da sallah na buɗe akwati. Babu ita.

Laraba, 9 ga Yuli, hantsi

Koriya ce mai tsuntsaye ruwan ƙwai. Wani mai shigo da kaya ya ba Malam turmi ɗaya ya gani ko za ta karɓu, daga baya bai kawo sauran ba. Turmi ɗaya tak a duk Douala. Na sa ta da ƙaramar Sallah, na bi gida gida ina faɗa wa mata cewa ko sun tafi Mboppi da buhun kuɗi ba za su samu irinta ba. Bakina ne ya yanka ni, ba na kowa ba.

Jiya da daddare sharhi bai kai hamsin ba. Yanzu na daina dubawa nawa ne. Kuma aiki suke yi, wallahi, kamar an ɗauke su haya. Wata 'yar kasuwa ta rubuta cewa wannan zanen bai taɓa shiga Mboppi ba, ita ta san duk abin da ya shigo. Wani ya ƙara girman hoton ya zagaye wuyan rigar da jan layi. Sai ga Ɓoɓɓo telana na Nkololoun: "Ɗinkina ne, amma ni ba na tona asirin kwastoma." Allah ya isa, Ɓoɓɓo. Da ka yi shiru wa zai ce ba ka da amana?

Kafin azahar wani ya tono hotona na Sallah daga shafina, ya jera su gefe da gefe. Da kaina na saka wancan hoton. Har murmushi nake a ciki.

Ba wanda ya rubuta sunana. Wani mai kiran kansa Gaskiya Ɗaya ya rubuta, "Matar Halilu mai atamfa ba takaba take ba?" Wata ta amsa da Faransanci, "C'est elle," wato ita ce. Shi ke nan.

Laraba, magariba

Inno ba ta iya waya ba, amma tana da kunne. Yau ba ta yi min faɗa ko sau ɗaya ba. Wannan ya fi damuna.

Alhamis, 10 ga Yuli, da safe

Wa ya buɗe min akwati?

Kwana bakwai na zaman makoki gidan nan kasuwa ya zama. Mata har kan gadona. Makullin akwatin yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, ba wanda bai san wurin ba.

Fauziya matar Yaya Rabe, wan Malam. Ranar Sallah ta shafa atamfar da hannu ta ce, "Wasu dai an haife su da sa'a." Tsayinmu ɗaya da ita. Kuma tun Malam yana da rai take cewa ɓangarenmu ya fi nasu iska.

Tasalla. Ta yi mana wanki sau biyu bayan rasuwar. Me ya sa ita ce ta fara zuwa da labarin? Mai kawo maka labarin gobara, duba hannunsa ko da ashana.

Har Inno na kalla yau tana jan carbi, na ce a raina, ke fa? Astagfirullah. Tsohuwar da ba ta iya hawa matakala.

Yarinyar nan Khaulat ta kawo min koko ban sha ba. Ita ma ta rame. Ita kaɗai gare ni, shekara goma sha tara, ga rashin uba ga wannan. Na ce ta daina karanta abin da suke rubutawa, ta ce to. Idonta ya kumbura.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

Yaya Rabe ya zo. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya, ni ina bayan labule.

Ya ce, "Rahinatu, a masallaci yau ban iya ɗaga kai ba."

Na ce, "Yaya, ni ma ban ɗaga ƙafa daga gidan nan ba. Ga Inno, tambaye ta."

Ya ce ba yau ba. Zai tafi Garoua ɗauko kaya, in ya dawo za a zauna, ranar Lahadi ta sama. Zan dafa Alƙur'ani a gaban dangi, Inno ta ba da shaida. Ya ce mutanen Nasrullahi sun aiko suna tambaya, cikin ladabi dai, amma sun tambaya. Auren yarinyar nan da Nasrullahi an sa shi bayan na fita takaba, Malam da kansa ya karɓi gaisuwar kafin ya kwanta ciwo. Sannan ya ƙara da cewa gidan nan na gado ne, ba a taɓa zama a cikinsa da abin kunya ba.

Shekara ashirin da ɗaya ina share gidan nan. Yau aka tuna min na gado ne.

Ban ji tsoro ba. In dafa? Ko sau goma. Mai gaskiya ba ya tsoron rantsuwa.

Asabar, 12 ga Yuli, azahar

Na gaji da shiru. Na rubuta wa masu shafin da kaina, na ce su saka da sunana: ni Rahinatu ban fita ba, atamfata sace ta aka yi daga akwati, duk wanda ya san wadda ta sa ta ya faɗa don Allah. Ba a yi minti goma ba suka saka.

Na ji sanyi a raina. Tunda sun iya bincike, to su bincika mini.

Lahadi, 13 ga Yuli, la'asar

Sun juya! Yanzu rabi suna tare da ni. "A ji tsoron Allah, marainiyar Allah ce." "A nemo ɓarauniyar." Wani ya ce duk mai hoton zaman makokin Halilu ya turo, a ga matan da suka shiga ɗaki. Sun turo kuwa. Ashe muna kuka ana ɗaukarmu. Ga Fauziya da baki buɗe tana cin shinkafa, an zagaye ta da jan layi. Na yi dariya har Inno ta harare ni, dariyata ta farko tun rasuwar.

Tasalla ta daina gaishe ni. Ita ma an zagaye ta.

Litinin, 14 ga Yuli

Kuran ya ɗauke tun safe. Waya ta mutu. Na rasa inda zan sa kaina.

Talata, 15 ga Yuli, bayan azahar

An wanke Fauziya. Ranar Alhamis ɗin tana wurin suna a Nkololoun, mutum uku sun turo hotonta da jariri a hannu. An wanke Tasalla, wai ta fi matar hoton faɗi nesa ba kusa ba. Wani har ya auna tsayin matar da tayar babur.

Ban ji daɗi ba. Na so a ce Fauziya ce, ba zan ɓoye ba.

Gaskiya Ɗaya ya dawo. Ya ce a bar atamfa a dubi ƙafa. Ya ƙara girman dunduniyar matar ya rubuta, "Wannan ba ƙafar mai shekara arba'in ba ce." Mutane suna ta dariya suna cewa ya wanke ni. Wani ya ce yana da aboki mai bensikin a Japoma, zai tambaya a tasharsu. Wata mai sayar da kiredi, wato katin waya, a bakin titin ta ce ta tuna ranar, kuma tana jin ɗan'uwanta ya ɗauki bidiyon ruwa a wurin, za ta duba ko matar ta fito ta gaba.

Wane ne Gaskiya Ɗaya? Ya san Malam, ya san takabata. Yana rubuta Hausa irin ta mutanen Maroua. Ko kuwa yana yi ne don a ce haka.

Laraba, 16 ga Yuli, da hantsi

Na buɗe akwati in ɗauko zanen gado. Tana ciki.

A ƙasa, ƙarƙashin lesuka, inda na duba sau uku ranar Talata. An wanke ta an goge. Zanen an ninke shi uku, baki a ciki, sannan aka naɗe gefen, yadda Malam yake ninke atamfa a shago don kada bakin ya yi ƙura. Ni kaina ban taɓa iya wannan ninkin ba, ya yi ta koya min har ya haƙura.

Mutum biyu ne suka iya shi a gidan nan. Ɗaya yana maƙabarta.

Na rufe akwatin. Na zauna a kai.

Laraba, bayan la'asar

Ranar Alhamis ɗin yarinyar nan ta ce min za ta kai wa ƙawarta littafi. Ta fita da leda a hannu. Ta dawo ana kiran magariba, ta wuce ɗaki ba ta ci abinci ba. Na ce ko kewar babanta ce.

Ba zan rubuta ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, da safe

Ta kawo koko. Na karɓa na sha duka. Na kalli ƙafarta, ta ja zane ta rufe.

Me ya kai ta? Wane ne mutumin? Nasrullahi ba shi da babur, kuma ya fi wannan tsawo. Me ya sa kayana? Wannan kam na sani. Mace da atamfar matar aure da babban mayafi ba mai tsayar da ita ya tambaye ta ina za ta. Ta ɗauka uwarta na cikin ɗaki, kayan suna kwance ba mai nema. Ba ta yi tunanin tsuntsayen ba. Yarinya ce.

Na so in kama ta in jijjiga ta har haƙoranta su kaɗa. Na so in rungume ta. Ban yi ko ɗaya ba, na ce ta share tsakar gida.

Alhamis, azahar

Na rubuta wa masu shafin na ce su cire saƙona, su cire hoton, na yafe. Suka amsa: "Hajiya, yanzu maganar ta jama'a ce. Saura kaɗan a gano." Har da alamar addu'a.

Ni na kira su. Ni na ce duk wanda ya sani ya faɗa don Allah. Na kunna wuta a rufin ɗakina ina murna an ga haske.

Juma'a, 18 ga Yuli

Mai kiredi ta ce wayar ɗan'uwanta tana wurin gyara. Za a karɓo ranar Litinin.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan la'asar

Wani ya rubuta, "Mata nawa ne ma a gidan?" Ba wanda ya amsa tukuna. Mutum tara sun danna masa alamar so. Na bi sunayensu ɗaya bayan ɗaya, biyu na san iyayensu.

Yaya Rabe ya dawo. Gobe bayan azahar.

Na yi ta juya abin. In na dafa na ce ba ni ba ce, gaskiya na faɗa, Inno ta shaida, kowa ya ce Alhamdu lillahi. Sai Yaya ya ce, to wace ce? Ko bai tambaya ba, su za su tambaya. Ba sa gajiya, ba sa barci, wannan ya kawo dunduniya wancan ya kawo tayar babur. Ba za su tsaya ba sai sun samu suna. Kare da ƙashi a baki ne kaɗai ba ya haushi.

Inno ta ce min ɗazu, ba tare da ta kalle ni ba, "Akwatin nan naki ya cika buɗuwa kwanan nan."

Lahadi, 20 ga Yuli, magariba

An yi.

A falon Yaya aka zauna. Shi, da ƙannensa biyu, da wani kawunsu, da Fauziya a bakin ƙofa wai tana kawo ruwa. Inno a kan tabarma kusa da ni. Yarinyar nan an ce ta zauna a ɗaki. Alƙur'ani yana kan tebur a cikin gafakarsa.

Yaya ya ce, "Kina da alwala?"

Na ce, "Ina da ita. Amma ba zan dafa ba."

Ya ce, "Me kika ce?"

Na ce, "Ni ce a hoton."

Fauziya ta saki kofi. Kawu ya yi ta salati. Yaya ya miƙe ya zauna ya sake miƙewa. Ya ce me na je yi, na ce wannan tsakanina da Ubangijina. Ya ce wane ne mutumin, na ce mai bensikin ne, ban san shi ba. Ya ce to saƙon da na tura na cewa an yi min sata fa? Na ce tsoro ne.

Sai ya juya wurin uwarsa. Ni kuwa ban yi shawara da ita ba. Ranar Alhamis ɗin tun safe har dare muna tare, ni na matsa mata ƙafa da man zafi, ita ta tsince min wake.

Ya ce, "Inno, ke aka ajiye a ɗakin. Ta fita ko ba ta fita ba?"

Ta kalle ni, kallon da ba ta taɓa yi min ba tun da aka kawo ni gidan nan. Sannan ta ce, "Ranar na sha maganin mura. Barci na yi, Rabe. Ban san komai ba."

Matar da ko azumi ba ta barcin rana.

Hukunci: zan ƙarasa takaba a nan saboda hakkin mamaci. Ranar da na fita, in tattara in koma Ngaoundéré wurin yayana. Yarinya ta zauna, 'yarsu ce, a gidan ubanta za a ɗaura mata aure.

Na ce na gode. Ban yi kuka ba sai da na shiga bayi.

Lahadi, bayan isha'i

Har ya hau shafin. Ba rubutu ba, muryata ce, "Ni ce a hoton." Wani a cikin falon nan ya ɗauka. Mutum shida ne, duk dangin Malam. Ban ma da ƙarfin zargi yau.

Litinin, 21 ga Yuli, azahar

Zagi iri iri, har da wanda ban taɓa ji ba da Faransanci. Waɗanda suka ce marainiyar Allah su suka fi zafi, wai na yi wasa da hankalinsu. Ɓoɓɓo ya rubuta, "Ni dai na sani tun farko." Gaskiya Ɗaya ya ce shi bai gamsu ba, dunduniyar fa? Aka taso masa, wai mace ta amsa da bakinta kana maganar dunduniya. Bai sake rubutu ba.

Mai kiredi ta ce ba sai ta wahalar da kanta karɓo wayar ba.

Na karanta wannan layin ya fi sau goma.

Laraba, 23 ga Yuli

Kwantena ta faɗi a hanyar Mboppi. 'Yan shafin duk sun koma can.

Alhamis, 24 ga Yuli, la'asar

Mutanen Nasrullahi sun aiko. Aure yana nan, yarinya ba ruwanta da halin uwarta. Sai dai sun roƙi kada uwar ta zo wurin biki. Yaya ya aiko Fauziya ta faɗa min. Ta faɗa a tsaye, tana gyara ɗankwali.

Ni da na fara tara mata kwanuka tun tana aji uku.

Juma'a, 25 ga Yuli, hantsi

Na same ta a bayan ɗakin girki, a tsugune, waya a hannu tana rubutu tana share hanci da bayan hannu. Na fizge wayar. Saƙo ne zuwa ga masu shafin, mai tsawo. Layin farko kawai na karanta: "Ba mahaifiyata ba ce."

Ta ce, "Umma, don Allah ki bar ni. Ba zan iya ba. Jiya a famfo wata ta tofar da yawu da aka ambaci sunanki."

Na ce, "Yawunta ne, ta tofar."

Ta ce, "Ko tambayata ba ki yi ba. Ba ki ce ina na je ba."

Na ce, "Ba zan tambaya ba. Abu ɗaya nake so in ji. Ya ƙare?"

Ta ɗaga kai ta ce ya ƙare.

Na ce, "To saurara. Na yi ƙarya a gaban Alƙur'ani. Kakarki ta yi ƙarya da furfurarta. In kika tura wannan, nawa sunan ba zai dawo ba, za su ce uwa da 'ya duk ɗaya ne. Sai mu tashi ba nawa ba naki. Kin ji ko?"

Ta faɗo jikina tana kuka tana cewa wa zai yi mata rakiya, wa zai yi mata faɗa ranar da za a kai ta. Na ce faɗan ne za ta rasa? Ga shi ina yi mata tun yanzu.

Na miƙa mata wayar na ce ta goge da hannunta. Na tsaya a kanta har sai da ta goge harafi na ƙarshe. Sannan na ce ta wanke fuska ta zo, akwai kwanukan da zan nuna mata inda na ajiye, tunda ranar ba ni zan fito da su ba.